Dakta Jalaluddeen, Masanin Taurarin da Ya Ƙi Sa Sunansa

Duk wanda ya ji an ce Dakta Jalaluddeen masanin taurari ne, sai ya ɗauka mutum ne mai kwana a kan soro yana ƙirga abin da ba ya ƙirguwa. Ko kusa. Da an sallame isha'i yake neman shimfiɗarsa, kamar kowane dattijo mai ciwon gwiwa. Shi taurarinsa da rana tsaka yake duba su.

Bayan asuba yakan zauna a zauren gidansu na Ƙofar Kware, zauren da mahaifinsa ya karantar da fiƙihu har ƙarshen ransa, ya yi karatunsa sai gari ya waye sarai. Sannan ya fita ya lallashi tsohuwar motarsa, wadda ita ma ta kai shekarun ritaya amma ba wanda ya sanar da ita. A Gidan Igwai ya tsaya ya sayi ƙosai, ya bari masu keke napep su gama yi masa tsiya kan yadda ya ajiye mota, ya wuce jami'a. Ofishinsa wani ɗaki ne a ƙarshen baranda a sashen fiziks, inda rana ke bugawa tun hantsi. Nan zai buɗe kwamfuta ya jira. Manyan na'urorin hangen taurari da ke kan duwatsun Afirka ta Kudu da Chile su ne ke kwanan zaune. Abin da suka hango sai ya iso masa lambobi zalla, ba ko hoto. Aikinsa a kan wasu taurari ne da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, shi kuma yana bin sawun dalili. In akwai wuta ke nan. Hasken da ya baro tauraro tun kafin a gina ganuwar birnin nan yana isowa Sakkwato lafiya lau. Wutar lantarki da ke tasowa daga nan maƙwabta ita ce hanya ke gagara.

Haka ya yi shekara talatin da 'yan kai. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce ya ajiye aiki, ba don ya gaji ba, sai don ya cika sittin da biyar. A duk tsawon shekarun nan abu ɗaya ya nema: magaji. Mutum ɗaya tak da zai zauna a kujerar nan bayansa, don kada binciken taurari ya mutu a garin da malamansa na da suka san falaki tun ba a san boko ba. Ga yadda muka yi da wannan buƙata tasa.

Kada a ce gari ya manta da shi. Muna tuna shi sau biyu a shekara: jajiberin azumi da jajiberin salla. A ranakun nan wayarsa ba ta hutawa. Gidajen rediyo su kira, 'yan uwa su kira, har wanda rabonsa da gaishe shi tun bara ya kira ya ce, "Dakta, gobe na ko jibi?" Ya yi bayani a tsanake, ya faɗi inda jinjirin wata zai tsaya da tsawon lokacin da zai yi kafin ya faɗi, ya ƙare da cewa shi lissafi ne nasa, sanarwa ta magabata ce. Da an ga wata sai a mayar da shi inda aka ɗauko shi, kamar babbar tukunyar biki. Sauran watannin kuwa masu nemansa wasu ne daban: wanda ke son ranar sa'a ta ɗaurin aure, da wanda aka sace wa babur yana son a duba masa.

Babban mai tsokanarsa shi ne Mode, dillalin shanu a Kara, kasuwar dabbobi. Tare suka yi karatu a zauren mahaifin Dakta, kuma tun a lokacin ba su yarda da juna a kan komai ba.

"Jalalu," in ji Mode duk sa'ad da suka haɗu, "wai tauraron nan da kaka bi shekara da shekaru, ya taɓa sanin kana yi?"

"Shanunka hwa, sun san ka?"

"Sun san ni mana! In nit tahi Kara, har kuka sukai. Kai wa ka kuka in ka iso?"

"Ɗalibai, ranar jarrabawa."

"To ka gani. Ni nawa na murna na."

Mode dai bai san abin da ke cin ranakun abokinsa ba, kuma ba laifinsa ba ne, don yawancin aikin an tsara shi ne yadda ba za a gan shi ba. A sana'ar bincike, kafin wata mujalla ta buga maƙala sai ta aika wa wani masani ya tantance, kuma ƙa'ida ce ba a bayyana sunan mai tantancewar. Dakta Jalaluddeen ya yi wannan aiki har idonsa ya nemi gilashi. Wasu sukan rubuta layi biyu su ce a buga ko kada a buga. Shi sai ya sake lissafin daga tushe, ya nuna wa marubucin inda ya zame da yadda zai miƙe. Akwai mutane a ƙasashen da bai taɓa takawa ba waɗanda suka zama manya da gyaransa, kuma in sun haɗu da shi a hanya ba za su ko ɗaga masa hannu ba. Ya zauna a kwamitocin da ke raba wa masu bincike lokacin amfani da manyan na'urori, wato aikin raba nama kaɗan ga mayunwata da yawa, wanda ba ya jawo wa mai yinsa komai sai ƙorafi. Duk dogon hutu kuma, sa'ad da abokan aikinsa ke tafiya gona ko Umara, shi yana haɗa taron bita na mako biyu ga matasan da suka gama digirin farko, daga Kabi, daga Zamfara, har daga Ƙwanni da Maraɗi. Ya roƙi aji, ya roƙi janareta, ya koya musu yadda ake sa kwamfuta ta tace hasken tauraro daga hayaniya. Matarsa Hajjo ce ke dafa musu abincin rana, kuma har gobe tana cewa ita ma ta cancanci digiri, ko da na tuwo ne.

Sai kuma guraben horo na ƙasashen waje. Irin waɗannan guraben hanya biyu suke biyowa. Waɗanda suka biyo ta manyan ofisoshi, Allah ne kaɗai ya san inda suke sauka. An taɓa tura wani jami'in mulki horon nazarin taurari, ya dawo da turare da hotonsa a gaban wani dogon gini, ya ce lalle mutanen can sun ci gaba. Waɗanda suka zo da sunan Dakta kai tsaye kuwa, waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida bai taɓa hawa jirgi da ko ɗaya ba. Sai ya mayar da amsa cewa shi ya tsufa da zama ɗalibi, amma ga wani yaro. Da haka Saifullah, ɗan wani tela a Sabon Gari, ya tafi Afirka ta Kudu horon wata uku. Yau yana can yana shugabantar rukunin bincike nasa na kansa. Bayansa wasu sun bi. Kowannensu ya durƙusa a zauren Ƙofar Kware ya ce zai dawo, kowanne kuma ya aiko da gaisuwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kayar da Dakta wata al'ada ce da ya ɗauko daga zauren mahaifinsa ya shigo da ita jami'a, inda ba ta da wurin zama.

A gidajen malamai na birni, ɗalibi ne ke ambaton malaminsa. In ya zauna karantarwa sai ya ce na karanta littafi kaza a wurin wane, shi kuma ya karanta a wurin wane, har salsalar ta kai inda ta kai. Malami ba ya bin ɗalibi yana cewa ni na koya masa. Abin kunya ne, kuma ana jin tsoron ya zubar da lada. Da wannan tarbiyya Dakta ya tashi. A jami'a kuwa al'adar ita ce malamin da ya duba aikin ɗalibi sunansa na shiga cikin marubutan maƙala, kuma da yawan maƙalun ake auna mutum.

Saifullah ne ya fara cin karo da abin. Ya kawo maƙalarsa ta farko da sunaye biyu a sama. Dakta ya karanta, ya gyara abin gyarawa, sannan ya ɗauki jan biro ya soke nasa sunan.

"Dakta, ai kuskure ne wannan," in ji Saifullah.

"Wa ya yi lissahin?"

"Ni ne, amma kai ka ba ni tambayar. Kai ka nuna mini hanyar. Sau nawa ka mayar da ni baya?"

"Wannan shi aka ce ma karantarwa. Ana biyana albashi a kanta."

"Haka ake yi ko'ina, Dakta. Ba alfarma ba ce, haƙƙinka ne."

"In kana son ambatona, ga wurin godiya can ƙasa. Ka ce ka yi karatu wurina. Ya ishe ni."

Aka sa shi a wurin godiya. Na bayan Saifullah ma haka. Da za a tattara godiyar da aka yi wa Dakta Jalaluddeen a gindin maƙalu, da ta yi littafi mai kauri. Sai dai babu kwamitin da ke karanta gindin maƙala. Gaskiyar da masoyansa ba sa son faɗa ita ce Saifullah ne ke da gaskiya. Dakta ya yi aikin da ya cancanci sunan, ko a ma'aunin mafi tsananin masu sana'ar. Kuskure ya yi, irin kuskuren da sai ɗan gidan malamai zai yi: ya ɗauki mudun zaure ya shiga da shi kasuwar da ba a awo da shi. A baranda ɗaya da shi kuwa akwai waɗanda sunansu ke hawa kan duk takardar da ta gifta ta ƙofarsu, ko sun karanta ko ba su karanta ba. Waɗannan Allah ya yi wa aikinsu albarka, sun zama farfesoshi tun gemunsu na baƙi.

Kai ne, Dakta, rijiyar bakin hanya: kowa ya sha ya wuce, ba wanda ya tambayi wa ya gina. Kai ne ka ɗauka cewa in ka yi shiru aikinka zai yi magana. Ya yi maganar, sai dai da harshen da ba a ji a ɗakin taro. Ka koya wa 'ya'yan mutane auna nisan abin da ido ba ya gani, amma ka kasa auna nisan da ke tsakanin ofishinka da ofishin da ake rabon girma, alhali taku kaɗan ne.

Ana haka sai ga Zakiyya, kuma ba wata ba ce illa 'yar Mode. Ta zo bitar dogon hutu don ta rage zaman gida, ta ƙare da gano kuskure a lissafin da Dakta ya rubuta a allo. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce mata ta dawo ranar Litinin. Ta yi digiri na biyu a hannunsa, ta shiga na uku. Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne ita ba ta son tafiya ko'ina. Ta ce a Sakkwato za ta zauna, a ɗakin nan mai zafi za ta karantar. Karon farko ke nan da Dakta ya fara maganar gobe kamar mai shirin ganinta.

Mode kuwa ya samu sabon abin tsiya. "Na ba ka ɗiya ka koya mata abin da za ta ci abinci, kai ko ka ɗauke ta ka kai sama. To sauko min da ita."

"Ita ta magajiyata, Mode."

"Gadon mi? Zahin rana?"

Matsalar lissafi ce mai sauƙi. Farfesa yana aiki har shekara saba'in, wanda bai kai ba yana tafiya a sittin da biyar. Zakiyya na buƙatar kamar shekara uku ta gama, a ɗauke ta aiki. Dakta kuwa saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma in ya tafi babu wani a jami'ar da zai iya duba digiri na uku a fannin. In ya zama farfesa, komai ya daidaita. Don haka, a karon farko a rayuwarsa, ya nemi wani abu wa kansa.

Shugaban kwamitin ƙarin girma tsohon abokin karatunsa ne, mutum mai fara'a da sanyin ofis. Da Dakta ya shiga, ya tashi ya tarbe shi, ya sa aka kawo lemo.

"Malam Jalalu, wallahi kowa ya san ka. Ni kaina ina ba da misali da kai. Amma maƙalunka ba su kai ba."

"Ɗaliban da na yaye fa?"

"Ai su maƙalunsu sun kai. Ɗaya ma na ji ya kusa zama farfesa can waje. Abin alfahari ne gare mu."

"Tantancewar da na yi wa mujallu? Kwamitoci? Bitar hutu?"

"Wannan hidima ce. Tana da maki, kaɗan. Ka san ita hidima Allah ke biya." Ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya daina. "Don Allah me ya hana ka sa sunanka? Mu da muka sa, an kama mu?"

Da Dakta ya koma gida ya ba Hajjo labari, ba ta ce masa sannu ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ni jahila ce, amma ko ɗan akuya na saya sai na ɗaura mai ƙyalle don a san nawa na. Kai ka yi kiwo shekara talatin ba ƙyalle. Yanzu ka zo kana cewa garke naka na. Wa zai yarda?"

"Ba don a sani na yi ba, Hajjo."

"To ga shi ba a sani ba. Buƙata ta biya."

Zakiyya ce ta kira Saifullah, shi kuma ya kira sauran. Suka haɗa baki: kowannensu yana da aikin da ke kan hanya wanda Dakta ya sa hannu a ciki ta waya, ya gyara, ya ba da shawara. Za su sa sunansa, kuma ba ƙarya a ciki. Ta sami Dakta a ofis ta faɗa masa.

"A'a," in ji shi.

"Baba, ba don kai ba ne. Ka gama naka. Don ni ne, da waɗanda za su zo bayana. In ka tahi, wa zai sa min hannu? Farfesan da ke binciken ƙasar noma?"

Mako guda yana shiga yana fita ba ya ko tsayawa sayen ƙosai. Ƙin sa sunan nan shi ne abin da ya gada daga mahaifinsa, ba gona ba, ba gida ba, kuma ya riƙe shi tsawon rai har ya zama shi ne shi. Ranar da ya yarda, bai kalle ta ba. Ya ce, "Ku sa. A ƙarshe, bayan na kowa."

Suka sa. Sai dai mujallu ba su san ranar haihuwar kowa ba. Maƙala takan yi wata shida, takan yi shekara, a hannun masu tantancewa, kuma masu tantancewar kirki, irinsa, su ne suka fi jinkiri. Biyu suka fito a kan lokaci, ba su kuwa isa ba. Sauran suka fito bayan an yi masa walimar ban kwana, an ba shi agogon bango da kwalin yabo da aka rubuta sunansa ba daidai ba. Ya karya al'adar gidansu, ya kai kayansa kasuwa, ya tarar ta watse.

Jami'a ba ta yi wata-wata ba. Aka ce an dakatar da ɗaukar ɗalibai a fannin har sai an samu ƙwararre, wato maganar da ake yi wa mara lafiyar da aka riga aka saya wa likkafani. Zakiyya aka ba ta zaɓi: ta canza fanni ta fara daga farko, ko ta jira. Ta ce za ta jira. Ta ce za ta riƙa zuwa zauren Ƙofar Kware bayan la'asar su ci gaba da aiki, ko da shekara nawa za a ɗauka kafin a samu mai sa hannu. A cikin wannan hali Saifullah ya bugo waya: akwai gurbi a rukuninsa, za ta gama cikin shekara biyu, da na'ura a kusa da wutar da ba ta ɗaukewa. Ta ce masa ta gode, ba ta zuwa. Ta san in ta tafi, an rufe ɗakin nan ke nan.

Dakta ma ya sani. Washegari da hantsi ya tuƙa motarsa zuwa Kara, wurin da bai taka ba tun suna samari. Ya ratsa tsakanin ƙahoni da kashin shanu da babbar rigarsa, ya sami Mode a ƙarƙashin rumfa yana ciniki.

"La ilaha illallahu!" in ji Mode. "Jama'a ku zo ku gani, tauraro ya hwaɗo Kara! Sa kaka so ko saniya?"

"Magana nika so. Zakiyya za ta tahi wurin Saifullah. Na zo neman izninka, kuma ka taya ni yi mata magana, don ni ba ta jin tawa."

Mode ya sallami mai cinikin. Ya gyara zama, ya dubi abokinsa da kyau.

"Ba kai kac ce ita ta magajiyarka ba?"

"Ni nic ce."

"Yarinya ta ce ta zauna. Shekara talatin kana neman wanda zai ce haka. Ka samu, kuma kai da kanka za ka kore ta?"

"Mode, in kana da maraƙa ta ƙwarai, kuma ka san babu ciyawa garinku bana, babu baɗi, mi kaka yi?"

"Sai in tura ta inda ruwa ya sauka."

"Ko da ba ta dawowa?"

Mode ya ce, "Wadda ta sha ruwan kudu ba ta cika dawowa ba." Ya ja tsaki, ya kawar da kai. "Kai dai Jalalu ba ka iya ciniki ba. Tun muna yara. Kullum kai aka bari da igiya, wani ya tahi da sa."

Su biyu suka zaunar da ita a zaure. Ta yi gardama, ta yi kuka, ta ce an yaudare ta. Dakta ya bari ta gama, sannan ya ce shi ya nemi magaji ne don ilimin ya rayu, ba don ɗakin ya rayu ba, kuma ba zai zauna yana kallo ƙuruciyarta ta ƙare a jiran sa hannun wani ba. Ya ƙara da abin da bai taɓa faɗa wa ɗalibi ba: duk aikin da ta yi, ta sa sunanta, in ta yaye ɗalibi ma ta sa, kada ta ji kunyar kowa.

Ta tafi a watan jiya. Yau a duk faɗin birnin nan babu mai binciken taurari ko ɗaya da ke bakin aiki. Ba a yi sanarwa ba, ba a yi zaman makoki ba, don ba wanda ya lura.

Mun gode, Dakta Jalaluddeen. Mun gode da idon da ka ƙarar a kan aikin wasu, da kujerun jirgin da ka bar wa 'ya'yan talakawa, da hutun da ba ka taɓa ci ba. Mun gode da ka fi son yarinyar nan a kan burinka, a garin da kowa ke riƙe na ƙasa da shi har ya ruɓe a hannunsa. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya biya ka da mudun da ba na kwamiti ba.

Ku kuma masu tasowa, malaman jami'a da na asibiti da na kowace sana'a, ku yi koyi da shi. Ku karanta aikin na ƙasa da ku kamar naku ne. In gurbin horo ya zo, ku dubi wanda zai fi amfana, ba wanda ya fi son hawa jirgi ba. Amma ku ji abin da shi kansa ya faɗa daga ƙarshe: ku sa sunanku a kan guminku, don mutumin kirki in ya ɓoye kansa, ba shi kaɗai yake ɓacewa ba, har da duk abin da ya dogara da shi. Masu kujerun awo kuwa, ba a roƙe ku komai ba. Ku dai sani cewa mudunku ya auna mutumin nan ya ce bai cika ba, kuma ku ne za ku zauna da waɗanda ya ce sun cika.

Ranar tafiyarta, Zakiyya ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, wallahi zan dawo." Ya sa mata albarka, ya ce Allah ya sa. Da motar ta fita daga lungu, Hajjo ta tambaye shi ko ya yarda.

Ya ce, "Ita na yarda da ita. Abin da za ta dawo ta tarar ne ban sani ba."